Ƙwan Pak da Zomon Papa Kojo

Ku kashe wayar nan, na gani. Wata Baturiya ta zuba shokola, wato cakulan, cikin roba, ta juya hannu sau biyu, kafin minti ɗaya ƙwai ya fito yana sheƙi. A kan wannan ne kuka taso ku huɗu, wai in koya muku cikin mako guda, don kun ji masu otel da ma'aikatan furoje, na ƙungiyoyin agaji, suna neman ƙwan Pak, sallar Kiristoci. Waccan matar a ƙasar sanyi take, ɗakinta da kilim mai sanyaya iska, kuran na lantarki ba ya ɗauke mata. Ku a Damagaram kuke, kuma Pak a tsakiyar bazara take faɗowa, lokacin da ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da azahar. Shekara arba'in ina wannan aiki, har yau akwai safiyar da shokola ke ƙi na. Ku zauna ku ji.

Sunana Isufu, amma tun ina saurayi ake ce mini Isufu Mai Gato, wato mai kek. Ubana manomi ne a wani ƙauye kusa da Guna. Shekarar da fari ya cinye gero na shigo birni ina da shekara goma sha tara, na yi dako a kasuwa, har wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Papa Kojo. Shi mutumin Togo ne, Kirista, ya daɗe yana kuku a gidan wani hafsan sojan Faransa kafin ya gina tanderunsa a Sabon Gari. Bai tambaye ni abin da na iya ba. Farcena ya duba, ya ce in je in yanke in dawo gobe.

Shekara biyu ban taɓa fulawa ba sai in zan share ta. Faskare, ɗebo ruwa, kankare tire, hura wuta. A nan na koyi tanderu, wanda shi ne rabin sana'ar. Ba mu da ma'aunin zafi. Papa Kojo yakan watsa ɗan garin fulawa a ƙasan tanderun ya yi ƙirga da yarensu. In garin ya yi ja daidai ƙarshen ƙirgar, wuta ta yi. In ya yi baƙi kafin nan, a buɗe ƙofa a jira. Ni ban iya yarensa ba, sai na gano ƙirgar tasa daidai take da Ƙulhuwallahu ƙafa uku, da ita nake auna wuta har yau. Ya sani, bai taɓa hana ni ba. In an kira salla shi ke karɓar tiren daga hannuna.

Yawancin aikinmu na Musulmi ne: gaton aure, gaton suna, biskit na Salla. Aikin Pak mako biyu ne kacal a shekara. Amma a mako biyun nan ake gane wanda ya iya, kuma a lokacin ne kawai Papa Kojo ke jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai mul, wato kwanonin zubi masu ɓari biyu da ake matsewa da ƙugiya. Na ƙwai babba da ƙarami, na ƙararrawa, na ɗan rago a kwance, da na zomo a tsaye da kwando a bayansa. Matar hafsan nan ce ta bar masa su da za su koma gida. Ita ƴar kan iyakar Jamus ce, daga can ragon da zomon suka fito. Kowane mul a naɗe yake cikin tsumman auduga, kuma ba a wanke su da sabulu, gogewa ake yi da auduga har mutum ya ga fuskarsa.

Ragon farko da na gasa da hannuna ba shi da kunne. Ƙwai goma sha biyu na kaɗa da sukari, da maburgin da Papa Kojo ya ƙera da wayoyin ƙafar keke, har kafaɗata ta mutu, har kullun ya yi fari yana zuba kamar zare. Na sa fulawa a hankali, na cika mul, na auna wuta daidai. Abu ɗaya na raina: shafa man shanu cikin lungun kunnen da gashin kaza. Da na buɗe, jiki ya fito lafiya, kunnuwa biyu suka maƙale a kwano. Papa Kojo bai zage ni ba. Ya ajiye ragon a gabana ya ce in cinye shi duka, ba ruwa, sa'annan in sake kaɗa wasu goma sha biyu. Tun daga ranar ban sake raina lungu ba.

Shokola kuwa, a shekara ta biyar ya bar ni na taɓa ta. Daga bakin teku take zuwa cikin mota, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ana narka ta a kwano bisa ruwan ɗumi, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki ta dunƙule, ta tashi aiki. Sai a zuba kashi biyu cikin uku a kan dutsen marmara, wani faffaɗan farin dutse da ya ciro daga teburin Turawa, a yi ta shimfiɗa ta ana tattarawa da wuƙa mai faɗi har ta huce. Da leɓen ƙasa ake aunawa. In ta taɓa leɓe ka ji ɗan sanyi, ta yi. Ka mai da ta cikin sauran, ka zuba a mul, ka juya ta bi ko'ina, ka kife. In ka yi daidai, da ta daskare za ta ja jiki ta saki kwanon da kanta. In ka yi gaggawa, ta manne, ko ta fito da fari-fari kamar mai ƙyasfi. Duk wannan tsakanin sallar asuba da fitowar rana ne, don da hantsi ya yi dutsen kansa ya ɗumama. Firigo, wato firij, ba abin dogaro ba ne, kuran na iya tafiya kwana biyu. Randa babba muka binne cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, a ciki muke jera su. Wannan bidiyon naku ya nuna muku randa?

Sai ƙwan kaza da ake rinawa. A bazara zabi ba sa ƙwai, kaji ma sun rage, kuma zafi na lalata shi cikin kwana kaɗan. Ran kasuwar Mirriya nakan tafi da roba da jarkar ruwa, in zauna gaban mata masu ƙwai ina jefawa ɗaya-ɗaya. Wanda ya nutse ya kwanta na ɗauka, wanda ya taso na mayar, suna zagina ina jefawa. Launi ba na kanti ba ne. Ja, karan dafi nake karɓowa wurin dukawa, wanda suke rina fata da shi. Rawaya, gangamau. Ruwan ƙasa, ɓawon albasa. Shuɗi, ɗan baba daga marina. Kafin a tsoma, sai a narka kakin zuma a yi zane da bakin allura, inda kakin ya hau launi ba ya kamawa. Ƙwai ɗaya mai zane yakan ci rabin awa, yaro kuma ya fasa shi kafin ka ƙifta ido. Haka sana'ar take, wanda wannan zai dame shi ya nemi wata.

A cikin masu saye babu wadda ta wahalar da ni kamar Madam Selestin. Ungozoma ce a materniti, mutuniyar Benin, ta zo garin nan tana budurwa ta tsufa a cikinsa. Kowane ƙwai sai ta ɗaga shi a rana ta juya, in ta ga tsaga kamar gashi ta mayar. Jajaye take so, masu yawa, don bayan ƴaƴan majami'arsu har yaran unguwa take rabawa, ba ta tambayar ɗan wane ne. Mu kuma ran Layya cinyar rago muke aika mata. Da Papa Kojo ya rasu ya bar mini tanderu da akwatin, ita ce ta fara zuwa. Ta duba aikina ta ce jan bai kai nasa ba, amma ta saya.

Yanzu ga abin da na san wasunku na riƙe da shi a ciki ba su faɗa ba: wai ƙwai da zomo kayan arna ne. Kun ji a waya. Ni na yi wannan tambaya tun ba a haife ku ba. Wata shekara na kai ragon gato gidan wani tsohon mompe, limamin Katolika, Bature da ya iya Hausa fiye da wasu ƴan lekol, ƴan boko. Na ce masa na ji labarin Annabi Isa a wurinsu da wurinmu, ban ji inda zomo ya shigo ba. Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce shi ragon tsohon abu ne, daga Bani Isra'ila suka gaje shi, tun daren da Annabi Musa ya fitar da su daga Masar. Ƙwai kuma, a da cikin azuminsu na kwana arba'in ba a cin sa, kaji kuwa ba su san ana azumi ba, sai ya taru, a dafa don kada ya lalace, ran salla a rina a raba. Jan launin, a wurinsu, tunawa ne da jini. Amma ya ce ba zai ɓoye mini ba, tun kafin addininsu ya isa ƙasashen sanyi mutanen can suna murna in ƙanƙara ta narke ƙasa ta yi tsiro, kuma ƙwai da zomo alamun haihuwa ne a wurin kowane manomi. Wasu sun ce akwai wata gunkiya da ake yi wa bikin, wasu masana sun ce hujjar ba ta da ƙarfi. Shi dai bai ga zomo a littafinsu ba, ya ce al'adar mutanen Jamus ce ta bi yara ta shigo.

Ban yi mamaki ba, don na tuna kakata. Iyayenta Azna ne, ita ta musulunta tana yarinya, ba ta taɓa barin salla ba. Amma duk ƙarshen bazara, in hadari ya fara haɗuwa, sai ta sa ƙwai ɗaya cikin ƙwaryar iri ta rufe har ranar shuka. Uwarta da sunan wani abu take sawa, ita da bisimilla. Ƙwan jimina da kuke gani a kan tsofaffin ɗakuna, wa ya tambayi asalinsa? Waye a garin nan zai bi kakanninsa baya bai ci karo da mai tsafi ba? Ni Musulmi ne. Ban yarda an gicciye Annabi Isa ba, Papa Kojo ya san haka, mompe ya san haka. Abin da na zuba a kwano sukari ne da shokola, ba wanda ya taɓa durƙusa masa, yara ke cinye shi tun daga kunne.

Mugunyar shekarar nan, da wata murya ta fara. Wani yaro mai wa'azi, wanda gemunsa bai gama fitowa ba, ya karanta wani abu a waya, ya ɗauki muryarsa, aka yi ta turawa. Ya ce ƙwai da zomo na wata gunkiya ce, kuma akwai wani mutum a Sabon Gari da ke sahu da mu amma yana zuba gumaka yana sayarwa. Bai faɗi sunana ba, bai kuwa bukata ba, mai gato nawa ne a unguwar? Bai taɓa zuwa ya tambaye ni ba. Tafiyar minti goma ce tsakaninmu.

Ana cikin haka aka yi ɓatancin nan ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙasar Turawa. Ni ma abin ya ƙona mini rai, kada wani ya ce muku bai ƙona ba. Ran Juma'a bayan an sauko gari ya hargitse, aka ƙona majami'u da gidajen Kiristoci, wannan kun sani, wasunku suna ƴan yara a lokacin. Ina dawowa daga masallaci da darduma a kafaɗa na hango hayaƙi a layinmu. Wasu samari sun ɓalle ƙofar shagon. Na ga an fito da buhunan fulawa da sukari, waɗannan ba a ƙona su ba, a kai aka ɗauke su aka yi gaba, don su ba gumaka ba ne. Sai na ga Habu ya fito da akwatin. Habu ɗan Alhaji Mutari ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ni na yi gaton sunansa. Ya zazzage mul ɗin a ƙasa, ya zaɓi na zomon, ya ɗauki dutse ya yi ta dukansa har ya zama faifai. Sauran samarin suka tattake na ragon da na ƙwai. Na kira sunansa, ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba. Wani ya riƙe ni ta baya yana cewa Baba ka bari kada su haɗa da kai. Suka watsa isansi, wato fetur, a rumfar itace suka cinna wuta. Zafin ya tsaga dutsen marmaran gida uku. Tanderu kaɗai ya tsira, shi da ma wuta ce abincinsa.

Asarar kaya ba ita ta fi ci mini rai ba. Wata biyu ba wanda ya zo neman gaton aure ko na suna. Mutanen da na yi wa biki uku-uku suka koma gaishe ni daga nesa. Burodi zalla na koma yi ina kaiwa tasha, ni da na iya zomo mai kwando. A masallaci sai in ga an bar ɗan fili kusa da kafaɗata. Da abin ya ishe ni na je zauren tsohon limamin unguwarmu na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko ina rusuna wa abin, na ce a'a. Ya tambayi me ake yi da shi, na ce yara ke ci. Ya ce maganar sayar wa Kiristoci kayan sallarsu malamai sun saɓa, shi ba zai tilasta mini kowane gefe ba, amma ƙona dukiyar maƙwabci, Musulmi ne ko Kirista, babu littafin da ya halatta. Na ce to Malam ka faɗi haka ran Juma'a kowa ya ji. Ya sunkuyar da kai ya ce lokaci bai yi ba. Har ya rasu lokacin bai yi ba.

Saura mako uku Pak, Madam Selestin ta yi sallama a ƙofar gidana. An ƙona gidanta, a ɗakin wata abokiyar aikinta Musulma take kwana, zanen da ke jikinta ma na aro ne. Yawancin mutanensu sun bar gari. Matata ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

Ta ce, "Malam Isufu, yara talatin da ƴan kai suka rage mana. Ina son ƙwai. In kana tsoro ka faɗa mini, ba zan riƙe ka ba."

Na ce, "Madam, ba ni da mul ko ɗaya."

Ta ce, "Ban tambaye ka mul ba."

Aikin da na yi a mako ukun nan shi ne mafi wuya a rayuwata, kuma ba ya cikin wayar kowa. Akwai sauran shokola da ta tsira don a ɗakin randa take, a cikin gida. Na sayo ƙwan kaza, na huda kowanne da allura sama da ƙasa, na hure cikinsa da baki, na wanke ɓawon, na shanya kwana biyu har ya bushe ƙayau, don ko ɗigon ruwa ya rage aikin ya mutu. Na toshe ramin ƙasa da kaki. A kan guntun marmara mafi girma, wanda bai wuce faɗin faranti ba, na riƙa aikin shokolar kaɗan-kaɗan, ina ɗura ta cikin ɓawon da mazurarin takarda. In ta daskare sai in ɓare ɓawon da farce kamar dafaffen ƙwai. Cikin uku ɗaya ke fitowa da kyau, sauran in sake narkawa. Ragon kuma gato na gasa mai kusurwa huɗu na sassaƙe shi da wuƙa, na yi kunnuwa da ɓarin gyaɗa. Ya fi kama da tunkiya mai ciki, amma yana da kunne. Jajayen ƙwai na rina kamar kullum. Baduku da ke ba ni karan dafi ya san abin da zan yi da shi, ya cika mini leda. Zomo kam babu.

Matata ta ce in rufe kayan cikin kwali in ba mai kabu-kabu ya kai. Na ƙi. Sata na yi da zan ɓoye? Safiyar Lahadi na jera su a babban tire, na rufe da jiƙaƙƙen farin ƙyalle saboda rana, na ɗora a kai, na bi ta ƙofar gidan Alhaji Mutari da ƙafa. Masu shayi suka bi ni da ido. Wani ya tofar da yawu, wani ya ce sannu Baba, na wuce abina. A bakin majami'ar sojoji suka buɗe ƙyallen suka duba suka bar ni. Ciki ba rufi, bango baƙi ƙirin, an kafa rumfa a fili, mutane na zaune kan tabarmi da bulo.

Nan kuma wani saurayi Kirista, mai koya wa yaransu karatu, ya tare ni. Ya dubi tiren ya juya wurin Madam, ya ce shi ya karanta cewa ƙwai da irin waɗannan abubuwa na arna ne, kuma bana da Allah ya jarrabe su ya kamata su tsarkake ibadarsu. Da zan rantse, shafin da yaron can mai wa'azi ya karanta shi wannan ma ya karanta. Na tsaya da tire a kai, wuyana na ciwo, an ƙona ni a can don na yi wa Kirista aiki, a nan kuma ana ce mini na kawo tsafi.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Yaran nan sun ga an ƙona bencinsu da littattafansu. Yau za su ci ƙwai. In kana da wani abin da za ka sa musu a hannu, kawo."

Ba shi da komai. Ta sauke mini tiren da kanta, ta ɗaga ƙwai ɗaya a rana ta juya kamar yadda ta saba, ta ce wannan ya tsage, ta ba ni shi. Ban tsaya addu'arsu ba, ban taɓa tsayawa ba. Ina fita na ji hayaniyar yaran. Kafin damina ta sauka Madam Selestin ta koma ƙasarsu, bayan shekara kusan talatin tana karɓar haihuwa a garin nan. Lambar da ta bar mini ta yi aiki wata uku, daga nan ta daina shiga.

Masu biki sun dawo sannu a hankali, kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri, sai dai a ce Baba gaton nan a sa masa hawa uku. Na sayi mul na roba, irin na bidiyonku, suna aiki amma sheƙin bai kai ba. Habu kuwa aka tura shi Kano wurin kawunsa, shekaru ban sa shi a ido ba.

Bara waccan Alhaji Mutari ya yi sallama a shagon nan, Habu na bayansa, ya zama magidanci, har da tumbi. Aure zai yi, kuma amarya ta ce gaton Isufu take so. Alhaji ya yi ta zagaye-zagaye, ya ce abin da ya wuce ya wuce, ƙuruciya ce, maƙwabtaka ta fi komai. Na bar shi ya gama. Sa'annan na ce Habu ya matso, ya faɗa a gaban ubansa abin da ya fitar daga shagon nan. Ya fara kame-kame. Na ce ba ni da gaggawa, kulluna bai tashi ba. Can ya ce akwati. Na ce me ke ciki. Ya ce kwanoni. Na ce wanne ya sa wa dutse. Ya ce zomo, da wata ƙaramar murya.

Na ce, "Me zomon ya yi maka?"

Ubansa ya dubi ƙasa.

Na ce musu zan yi gaton, hawa uku, kuma zan yi shi da kyau, don amarya ba ta ƙona mini komai ba. Amma kada a aiko mini da goro, ba zan zo ɗaurin aure ba. Habu ya durƙusa ya ce Baba ka yafe mini. Na ce nawa mai sauƙi ne, kwano ne da dutse. Akwai wadda aka ƙona wa gida ranar, ta fita da zane ɗaya, kuma ita ce ta karɓi haihuwarsa a materniti da uwarsa ta kwana biyu tana naƙuda. Ya juya ya dubi ubansa. Alhaji ya ce haka ne, ita ce.

Na ce ya je ya fara neman yafiya a wurinta, in ta yafe ya dawo, ni ma zan yafe.

Ya ce, "Baba, a ina take?"

Na ce, "Ban sani ba. Ku kuka kore ta."